Tayoyin Surajo da Albasar Surukarsa

A Yelwa an yi wani mutum wai shi Surajo mai akori-kura. Yana nan har yanzu, ba mutuwa ya yi ba, motar ce dai babu. Mutum ne da bakinsa ke riga ƙafarsa isa ko'ina. In ya sayi buta, sai ya tara mutane ya yi musu bayanin murfinta. To, irin wannan mutum ne Allah ya haɗa da tayoyi.

Motar tasa babba ce, mai faɗin ƙirji, ta tsufa amma tana ja. Da tayoyinta irin na kowa ta yi shekaru tana kai kifi da shinkafa kasuwannin Shanga da Wara, ba wanda ya taɓa jin kanta. Ran nan sai ya tafi Kontagora ya dawo da waɗansu tayoyi baƙaƙe wuluk, masu kauri, jikinsu duk haƙora kamar bakin kada. Wanda ya sayar masa ya ce babu ƙasar da ba sa takawa. Tun yaushe suke jibge a rana kuwa, bai tambaya ba, shi ma wancan bai faɗa ba.

Ɗanladi mai faci, wanda ya ɗaura masa su a bakin tasha, ya zagaya ɗaya, ya ƙwanƙwasa ta da guduma.

"Maigida Surajo, wagga taya ce ko turmi?"

"Kai dai ɗaura. Wagga ba ta san faci ba. Daga yau ni da kai sai gaisuwa."

"Tana shiga yashi?"

"Yashi, dutse, taɓo, ƙaya. Har ruwa tana shiga."

"Har ruwa?"

"Har ruwa, na ce."

Ɗanladi ya ce, "To Allah shi kiyaye kifi."

Abin farko da tayoyin suka fara shi ne kuka. Da motar ta hau kwalta sai su ɗauki wani gurnani, wuuu, tun daga nesa, kamar an tsare ƙudan zuma a cikin ganga. Matan unguwa suka ɗauka sabon injin niƙa aka kawo. Wata tsohuwa ta tare shi a bakin titi da ƙwaryar jiƙo a kai, tana tambaya ko yana niƙa wake. Surajo ya leƙo ta taga ya ce, "Inna, ƙarfi ne ke magana." Ta ce to ƙarfin ya rage murya, jikanta na barci.

Na biyu, tsintar tsakuwa. Haƙoran nan ba su wuce dutse su bar shi. Su ɗauka, su riƙe, sai mota ta yi gudu su harba shi baya. Haka suka fasa wa mai shayin tasha kofuna, suka huda tulun mai kunu. 'Yan kabu-kabu suka daina binsa a baya, in sun ji gurnani sai su ratse su tsaya. Surajo ya ce, "Kun gani? Sun san girma."

Da bazara ta kama, kwalta ta yi zafi, sai haƙoran suka fara zuba. Ɗanladi ya kawo masa ɗaya a tafin hannu.

"Maigida, ga haƙorin kadanka. Gaban masallaci na tsinta."

Surajo ya karɓa, ya juya shi, ya jefa aljihu. "Famfara ce. Sabuwar taya haka take yi."

"Wani zai hito ke nan?"

"Ka zuba ido."

Surajo yana da suruka, Inna Tabawa, a wata tunga a bakin ruwa ta wajen Wara. Tsohuwa ce busasshiya, mai kaifin ido, ba a taɓa ganin ta zauna hannu sake ba. Duk shekara in ruwan tafki ya ja baya, takan noma albasa a inda ya bari. Albasar nan ita ce cinta da shanta na shekara, ita da jikokin da ke hannunta. Yadda aka saba kuwa, jakinta Duna ke kwashe buhunan kaɗan-kaɗan, ya bi ta kan tudu zuwa mashigi, Rabi'u mai jirgi ya loda ya kai kasuwar Yauri. Aikin na da jinkiri, amma albasa ko ɗaya ba ta taɓa jiƙewa ba. Ita kuwa albasa, in an cire ta, ba ta son ruwa. Wannan ko akuya ta sani.

Matar Surajo, Hamdiyya, ita ce 'yar farin Inna Tabawa. Saboda haka Inna ba ta faɗin sunanta, balle na mijinta. Tun da aka ɗaura auren ba ta taɓa duban Surajo ta yi masa magana ba, shi ma ba shi da fuskar da zai mayar mata kai tsaye. In tana da magana da shi, sai ta juya ta faɗa wa jaki. Shi ma Surajo, jakin yake ba amsa. Duna ya ji sirrin gidan nan fiye da kowa, bai kuwa taɓa kai shi waje ba.

A wannan shekara an cire albasa a makare, hadari ya fara leƙowa ta gabas. Surajo ya dawo gida ya ce wa Hamdiyya shi zai kwashe albasar Inna gaba ɗaya, sawu guda, ya sauke a Yauri kafin jirgi ya gama juya kai.

Hamdiyya ta ce, "Maigida, ka bar Rabi'u shi yi aikinai. Ka san halin Inna."

"Ai na riga na aika wa Rabi'u kada shi zo."

"Ka aika?"

"Na aika. Surukar mai irin tayata ta dinga bin jaki? Mutane su ce mi?"

"Da ba su ce komai ba. Yanzu ne za su ce."

Ya yi kamar bai ji ba. Washegari da hantsi ya tafi. Mutanen tunga sun ji zuwansa tun yana kan tudu, kaji suka watse, yara suka hau bishiya. Hanyar tudun duwatsu ce, ta karɓi rabonta na haƙora, ya iso gona tayoyin da giɓi-giɓi kamar bakin tsoho.

Ya sauko, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa daga nesa. Inna Tabawa tana tsaye kusa da tarin buhuna, hannunta a wuyan Duna. Ta amsa gaisuwa tana duban kunnen jakin. Sannan ta ce:

"Duna, wanga abu mai kuka, shi anka kawo?"

Surajo ya dubi jakin cikin ladabi. "Duna, ka ce wa Inna ba kuka ba ne, lafiya ce."

"Duna, ni dai na ga ƙahwahunai da giɓi."

"Duna, ka ce famfara ce."

"Duna, kai da kay yi famfara, da ƙahwa kay yi ta?"

Mutanen tunga da suka zo taya lodi suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Surajo ya ji zafin abin, amma ba a mayar wa suruka magana mai zafi, ko ta bakin jaki. Sai ya huce a kan jakin. Ya kira wani maƙwabcin Inna ya ce don Allah ya kora Duna gida ya ɗaure, yau hutunsa ne, daga yau ma ya yi ritaya. Maƙwabcin ya dubi Inna. Inna ta buɗe baki za ta ce a'a, amma surukinta ne ya yi umarni a gaban jama'a, ba ta kwance masa zani a kasuwa. Aka kora Duna, ya tafi bai ko waiwaya ba.

Aka fara lodi. Buhu kan buhu, har suka wuce bodin mota. Wani dattijo ya ce, "Malam Surajo, a raba biyu mana." Surajo ya ce raba lodi aikin masu ƙananan tayoyi ne. Aka ci gaba har buhun ƙarshe ya hau, motar ta durƙusa ta baya kamar raƙumi. Daga nan ya zagaya ya saki iskar tayoyin, fiii, ɗaya bayan ɗaya.

Dattijon ya ce, "Mutane na ƙara iska in sun yi lodi, kai kana ragewa?"

"Baba, wannan ilimin taya ne. Wanda ya sayar mini ya ce in za a shiga ƙasa mai laushi, a rage iska."

"Ya ce da lodin albasar shekara a kai?"

"Bai ce ban da shi ba."

Tayoyin suka baje, cikinsu ya bulluƙo gefe kamar kwaɗo ya ƙoshi.

Inna Tabawa ba ta barin albasarta ta yi tafiya ita kaɗai. Zama a gaba kusa da suruki kuwa ba ya cikin abin da za ta yi a duniya. Saboda haka ta ɗaure zani, ta taka ƙarfen bodi, ta haye can ƙololuwar buhuna ta zauna da sandarta a cinya.

Surajo ya shiga ya tada mota. Hanyar tudu tana hagu, ta zagaya nesa. A gabansa kuwa ga fili shimfiɗe inda ruwa ya ja, busasshe, ya tsattsage fari fat, ya miƙe sak har gindin titi, kuma daidai gaban tunga inda kowa zai gani. Surajo ya dubi hagu, ya dubi fili, ya dubi jama'a. Ya murɗa sitiyari ya nufi fili.

Inna Tabawa ta san filin nan tun ba fili ba ne. Kafin ruwan dam ya cinye tsohon garinsu, nan ne kududdufin gari, inda aka haƙi ƙasar gina gidaje, ga kututturan itatuwa da suka kewaye shi suna nan binne. Sama ya bushe kamar ɓawon tuwo, ƙasa kuwa kunu ne. Ta waiga za ta faɗa wa Duna. Babu Duna. Ta duba ko akwai akuya, ko kaza, ko wani abu mai rai da za a ba saƙo. Babu. Sai ta sunkuya ta ce wa buhun da take kai, "Albasa, hwaɗa mishi kududduhi na gabanai!"

Albasa ba ta da murya, tayoyi kuma na gurnani. Inna ta ɗaga sanda ta shiga dukan rufin mota, ƙwam, ƙwam, ƙwam.

Surajo ya ji. Ya leƙo ta taga yana murmushi, ya ɗaga wa mutanen tunga hannu. "Kun ji? Inna na yi mini kiɗa!"

Ya ƙara wuta.

Ɓawon ya riƙe su na ɗan lokaci, don ya ba su dama su isa tsakiya. Sannan ya buɗe. Motar ta zauna a hankali, kamar mai ciwon baya. Surajo ya canza giya ya taka. Tayoyin suka juya, taɓo ya cike tsakanin haƙoran da suka rage, nan da nan suka zama sumul kamar bayan tarwaɗa. Ya sake takawa. Suka yi ta haƙa, suna watsa taɓo baya, mutanen da suka biyo a guje suka sha rabonsu tun daga hula har ƙafa.

Ya leƙo ya ce, "Kada kowa shi taɓa! Tana neman ƙasa mai ƙarfi ne. In ta same ta za ku gani."

Ta kuwa samu. Tayar baya ta dama ta haƙa har ta kai kan kututture, cikinta da ya bulluƙo ya zauna a kan tsini. Aka ji fam! Tsuntsayen bakin ruwa suka tashi gaba ɗaya. Motar ta karkata, igiya ta tsinke, buhuna suka fara gangarowa. Inna Tabawa ta gangaro tare da nata, ta sauka a zaune a kansa yadda ta hau, sandarta a cinya, ko kallabinta bai goce ba.

Da wani ne, da ya tsaya nan. Surajo ya ce taya uku ma sun isa. Ya taka totur har ƙasa. Buhunan da suka faɗa ƙarƙashin mota suka fashe, tayar hagu ta kama albasa ta shiga markaɗawa. Abin da tsohuwar Yelwa ta nema a niƙa mata, ga shi yau ana yi kyauta. Ruwan albasa ya tashi kamar hayaƙi, iskar hadari ta kwaso shi ta watsa wa jama'a a fuska.

Dattijon ya fara hawaye. Matan tunga suka bi. Majiya ƙarfi da suka zo turi suka tsaya suna sharɓe hanci da bakin riga. Shi kansa Surajo hawaye na zuba ta gemunsa, yana ta taka mota yana cewa, "Saura kaɗan." Inna Tabawa, wadda ko ranar da mijinta ya rasu ba a ga hawayenta a fili ba, tana zaune kan buhu fuska a murtuke, ruwa na bin kumatunta.

Ana cikin haka sai ga Rabi'u mai jirgi ya taho daga mashigi, ya ji ƙarar fashewa. Ya ga tunga guda a tsaye cikin taɓo ana kuka. Ya cire hula.

"Inna lillahi. Wa ya rasu?"

Dattijon ya share ido. "Taya."

"Allah shi jiƙan ta. Ta yi jinya?"

"Tun Yelwa take kuka."

Gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa ƙura. Surajo bai daina niƙa ba. Inna Tabawa ta miƙe, ta tako cikin taɓo har gwiwa, ta iso bakin tagar direba. Jama'a suka zuba ido, kowa na jiran yau a ji abin da ba a taɓa ji ba, Inna ta yi wa surukinta magana baki da baki. Ta kau da kai gefe, ta zura hannu ta taga, ta murɗe makulli ta zare, ta ƙulle shi a bakin zaninta. Motar ta mutu.

Ta juya ga Rabi'u. "Jirginka ya cika?"

"Na bar wurinki, Inna."

"Ba an aiko ma kada ka zo ba?"

"An aiko. Da na ji wanda ya aiko, shi ya sa na bar wurin."

Aka ruga aka kwanto Duna. Ya iso a natse, ya tsaya daidai inda ƙasa mai ƙarfi ta ƙare, ya ƙi ƙara taku. Inna ta dafa wuyansa.

"Duna, sannu da dawowa daga ritaya. Ina da magana da yawa, amma hadari ba ya jira. Ka ce wa wanda ke cikin mota shi hito. Allah ya ba shi kai mai hwaɗi, yau za a ga amfaninai."

Surajo ya fito, ya nutse har cinya. Ya dubi jakin. "Duna, ka ce wa Inna, da an ɗan sa jak a ɗaga motar..."

"Duna, ka ce shi sunkuyo."

Ya sunkuya. Aka ɗora masa buhu. Aka ɗora wa Duna nasa, kowane namiji a tunga ya ɗauki ɗaya, mata suka kwashi wadda ta zube a kwanduna.

"Duna, shiga gaba. Shi kuma shi bi sawunka. In ka taka shi taka, in ka tsaya shi tsaya. Kada shi wuce ka."

Haka aka yi ta jigila, jaki a gaba, Surajo a baya, ta gaban tungar da ya so ta gan shi, ta kuwa gan shi. Yara na kan bishiya suna yi masa wuuu duk sawun da ya wuce. Rabi'u na ja wa buhun ƙarshe tamfol ke nan, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Albasar ta isa Yauri a bushe, ban da wadda taya ta markaɗe. Ita ma Inna ba ta bar ta ba. Ta sa aka kwashe a roba, aka tsince taɓon, ta aika gidan 'yarta. Surajo ya daɗe yana shan miyar albasa mai warin taya, bai kuwa isa ya ce komai ba, kyautar suruka ce.

Motar tana nan inda ta zauna. Damina ta laushe filin, ba motar da ke iya kusantarta, daga baya ruwan tafki ya dawo ya rufe ta har rufi. Masunta sun ce tarwaɗa na son wurin. Kafin ruwan ya iso, Rabi'u ya je ya kwance tayoyin ya rataya a gefen jirginsa, don kada ya dinga gogar gaɓa.

Da shekara ta zagayo, jirgin Rabi'u ya iso mashigin Yauri da albasar Inna Tabawa, ita kuma tana zaune a kan buhu da sandarta. Surajo na tsaye a gaɓa da gammo a kai, don tun daga waccan rana sauke albasar Inna ya zama aikinsa, Duna ne ya isar masa da saƙon. Ɗanladi mai faci ya zo sayen kifi, ya tsaya kusa da shi. Jirgin ya matso, tayoyin na reto a gefe, ruwa na ɗiga daga giɓinsu.

Surajo ya zunguri Ɗanladi, ya nuna da baki.

"Na ce maka har ruwa tana shiga, kay yi dariya."

Ɗanladi ya dube su da kyau. "Gaskiya ne, Maigida. Kuma tun da anka rataye su, ko faci ɗaya ba su yi ba."

Surajo ya ce, "Ka gani." Ya gyara gammo, ya sunkuya aka ɗora masa buhu.